KUƊIN YAƘIN NEMAN ZAƁE: WA ZAI BIYA BASHIN?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Ya ku 'yan'uwa maza da mata, abin da muke son mu tattauna a wannan zama shi ne dokokin da ke ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe wajen neman zaɓe, da kuma yadda sauya su yake komawa kan talaka.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Dokar Zaɓe ta 2006 ta yarje wa mai neman shugabancin Nijeriya ya kashe Naira miliyan 500. Ta 2010 ta ninka shi zuwa biliyan 1. Sannan wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta kai shi biliyan 5. Na gwamna ya tashi daga miliyan 200 zuwa biliyan 1, na sanata daga miliyan 40 zuwa 100, na ɗan Majalisar Wakilai daga miliyan 20 zuwa 70. Gudummawar da mutum ɗaya zai iya bai wa ɗan takara kuwa, daga miliyan 1 ta koma miliyan 50.

Adalci ne mu faɗi hujjar masu wannan gyara. Sun ce darajar Naira ta faɗi, kuma gaskiya ne. A 2010 Dalar Amurka tana wajen Naira 150, a farkon 2022 ta haura 400 a farashin gwamnati. To amma wannan bai kai ninki 3 ba. Me ya sa aka ninka kason shugaban ƙasa da na gwamna sau 5? Me ya sa aka ninka gudummawar attajiri sau 50? Faɗuwar Naira ba ta isa ta amsa wannan ba.

Tun kafin a fara yawon kamfe, a 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya yi fiye da shekara 277 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takarda guda. Shi kansa shugaban ƙasa, albashinsa da alawus a lokacin wajen Naira miliyan 14 ne a shekara, wato na shekara 4 bai kai kuɗin takardar ba.

Ya ku 'yan'uwa, a nan ne tambaya take. Wanda ya zuba biliyoyi don kujerar da albashinta ba zai mayar masa da su ba, daga ina zai fanshe? Attajirin da ya ba da miliyan 50 ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba. Ranar biya, sai a ba shi kwangila a kumbura farashinta, ko a naɗa yaronsa muƙamin da bai cancanta ba, ko a yafe masa haraji. Kuɗin da ya kamata su sayi magani a asibiti, su rufe ajin da iska ta yaye, su kai taki ƙauye, su ne ake biyan wannan bashi da su. Talakan da ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe, shi zai biya da shekara 4 na rayuwarsa. Hasara ta biyu ita ce mutanen kirki. Malamin makaranta mai amana da likita mai kishin jama'a ba su da hanyar tsayawa sai sun nemi ubangida, wanda kuma ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun sarakunan zamaninsa. Yau suna kawai aka sauya mata.

Hukuncin ma ba ya tsoratarwa. Dokar 2022 ta ce ɗan takarar da ya wuce iyaka za a ci shi tarar kashi 1 cikin 100 na abin da aka yarje masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ga mai neman shugabanci, miliyan 50 ke nan. Wanda ya iya kashe fiye da biliyan 5, ina wannan za ta dame shi?

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. Na farko, hukumar zaɓe ta INEC ta tilasta wa jam'iyyu miƙa bayanin kuɗin da suka kashe cikin wata 6 bayan zaɓe, kamar yadda dokar ta 2022 ta tanada, kuma ta bayyana shi ga jama'a. Na biyu, duk lokacin da Majalisa za ta taɓa wannan doka, mu tambayi wakilanmu matsayinsu, domin su ne masu cin moriyar abin da suke rubutawa. Na uku, mu fara daga gidajenmu, mu fahimtar da iyalanmu cewa ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba a sayar da ita.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon gyara kawunanmu.