Nijar da Nijeriya: rufe iyaka bai taɓa tsai da ciniki ba

Ga jawabin da aka gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati game da hulɗar ciniki tsakanin ƙasashen biyu.

 

Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, tun daga yankin Gaya har tafkin Cadi. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta, amma ko da suka zo sun tarar fatake sun daɗe suna bin hanyar Kano, Damagaram da Agadas. Har yau cinikin nan ne ke ciyar da jama'a, ta Ɗan Isa da Jibiya, Ƙonni da Illela, Magarya da Ɓaɓura, Gaya da Kamba. Dabbobi, wake, aya, riɗi da albasar Galmi suna gangarawa kudu; masara, takin zamani da kayan masana'antu suna haurowa arewa. Farashin da aka yanke a kasuwar Dawanau ta Kano, kafin mako ya zagayo an ji shi a Maraɗi.

Hukumomi ma sun san da haka. A 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mai mazauni a Yamai. A 1976 aka fara kawo wutar lantarki daga madatsar Kainji ta Birnin Kabi, har ta kai, kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take fitowa.

Duk da wannan zumunci, sau uku aka rufe iyakar cikin shekaru 40. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe ta lokacin canjin takardun naira, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da fari, shi ya sa har yanzu dattawan karkara suke kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. A Agustan 2019 aka sake rufewa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, har zuwa Disamban 2020. Na uku ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya kuma ta yanke wuta. Sai a Maris 2024 aka buɗe.

Me aka gani kowane karo? Kaya ba su daina wucewa ba. Sun bar babbar hanya ne suka bi daji, bisa babura da amalanke. Kuɗin da ya kamata duwan ta karɓa ya shiga baitulmali, sai ya ƙare a aljihun masu tsare hanya. Babban ɗan kasuwa mai jari ya jure, har ya ci riba. Wanda ya sha wuya shi ne makiyayin da ragonsa ya faɗi, da manomin da albasarsa ta ruɓe cikin kamyo, da ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba alhali tiyar masara ta hau. Rufe iyaka haraji ne da talaka ke biya.

Akwai kuma maganar kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro bisa tamma 655.957, ita kuwa naira tana hawa da sauka. A Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, dabbobin Nijar suka yi arha ga masu saye daga kudu. A 2023 lamarin ya juya: naira ta faɗi, kayan Nijeriya suka yi arha, mai kai shanu kudu kuwa ya dawo da kuɗin da ba su da nauyi a hannun ƴan canji. A shekarar ce kuma Abuja ta cire tallafin mai, kwalbar esansi ta bakin titi ta yi tsada a Maraɗi da Damagaram, duk da matatar SORAZ da ke aiki tun 2011. Shawarar da aka yanke a can, a tukunyar nan ake jin ta.

Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, wato inuwar da ta daɗe tana kare zirga-zirgar mutane da kaya ba ta da tabbas kamar da. Abin da ya rage shi ne fahimtar juna tsakanin Yamai da Abuja kai tsaye, kuma hukumar 1971 ita ce wurin zaman da ya dace.

Abu uku ya kamata ƴan kasuwa su nema da murya ɗaya. Na farko, rubutacciyar yarjejeniya da za ta hana a taɓa abinci, magani da wutar lantarki, kome zafin rikicin siyasa. Na biyu, a rage shingayen hanya, a kuma lika kuɗin duwan a fili a kowace mashiga, kowa ya san abin da zai biya, ya karɓi takardar shaida. Na uku, a shirya wa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. Idan babu mayanka, majema da rumbunan ajiyar albasa a wannan ɓangare, jirgin zai zo cike da kaya ya koma da ɗanyen abu, ribar sarrafawa ta tsaya a Kano.

Su kuwa ma'aikata, musamman na duwan da na ma'aikatar kasuwanci, su tuna cewa duk ɗan kasuwar da aka wahalar a mashiga, gobe ta daji zai bi, kuma albashinsu ne ya bi dajin tare da shi.

Gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, maƙwabci kuwa yana nan. Allah ya ba ƙasashen biyu zaman lafiya da damina mai albarka.