KUNNEN BAGOBIRI A ƊAKIN JARRABAWA
Jawabi a taron ɗaliban Sabon Birni da Isa



Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, duk mai neman shiga jami'a sai ya bi ta ƙofar Turanci. Daga cikin tambayoyi 180 da ake amsawa a kwamfuta, 60 na Turanci ne. Ga kuma WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Turanci kan zaunar da yaro a gida shekara guda. Ƙannenmu na Isa da Sabon Birni, waɗanda rashin tsaro ya sha raba su da aji, ba su da makin da za su zubar a banza. Abin da muka lura shi ne, a tambayoyin gyaran jimla, wuri biyu mukan yi tuntuɓe: kwatanci, da wurin ajiye kalmar da ke bayyana wata. Alhali maganin duka biyun yana bakinmu.

Mu fara da kwatanci. Bahaushe da aikatau ɗaya yake yin sa, wato "fi", ko "hi" a bakinmu na Gobirawa: Audu ya hi Bala tsawo. Shi Bature hanya biyu gare shi: ko ya liƙa -er a ƙarshen sifa, ko ya sa more a gabanta. Ba a haɗa su. Wanda ya rubuta more taller ya ɗaura wa doki sirdi biyu.

Tarko mafi muni kuwa shi ne kwatanta abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. A ce an ba mu wannan jimla: The millet of Isa is better than Sabon Birni. Da Turanci sai ta wuce mu salin-alin. To, mu mayar da ita Hausa: geron Isa ya fi Sabon Birni kyau. Ko a kasuwa aka faɗi haka sai an yi dariya, domin an auna gero da gari. Kowa zai gyara ya ce "ya fi na Sabon Birni". To wannan "na" ita ce that of, jam'inta kuwa those of. Haka nan idan aka ce Kano ta fi any city girma a Arewa, an ce ta fi kanta ke nan, tun da ita ma birni ce. Mu kan ce ta fi sauran birane. "Sauran" ɗin nan ita ce other da mai jarrabawa ya ɓoye.

Sai batu na biyu. Mu dubi "kaɗai". "Ni kaɗai na ga Sarki" daban, "Sarki kaɗai na gani" daban. Ba wanda ya koya mana wannan a aji. Haka only take, sai dai ita a gaban kalmar ta fi zama, tamu kuwa a baya. Inda ta zauna, nan ma'ana take.

Akwai kuma jimlar da ke farawa da aikatau mai -ing, kamar Riding home, the river stopped us. A Hausa mu kan ce "muna tafe gida a kan keke, sai gulbi ya tare mu". "Muna" ta riga ta faɗi mai tafiyar. Turancin ba shi da wannan wakilin suna a farko, saboda haka duk sunan da ya biyo bayan waƙafi shi ne mai aikin. Ke nan an ɗora Gulbin Rima a kan keke! Gyaran shi ne a sa we nan da nan bayan waƙafin: Riding home, we were stopped by the river.

Jama'a, ba muna cewa a riƙa rubuta Turanci da ƙirar Hausa ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dokokin sifa sai an haddace su. Amma yawancin waɗannan tambayoyi hankali suke gwadawa, hankali kuwa ba a Ingila aka ƙera shi ba. An daɗe ana nuna mana cewa Hausa ce ke ɓata mana Turanci, har a wasu makarantu akan ci tarar mai yin ta. Mu kuwa mun ga ita ce ma'auninmu. Kafin mu zaɓi amsa, mu juya jimlar a zuci, mu yi tambaya biyu: me aka kwatanta da me, kuma wa ya yi aikin?

Roƙonmu ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata shi ne, duk wanda Allah Ya kai shi gida hutu, ya tara ƙannensa ko da biyar ne a zaure, da tsofaffin takardun jarrabawa, su bi su jimla-jimla ta wannan hanya. Maki biyu ko uku kan raba mai shiga da mai jiran baɗi.

Allah Ya ba ƙasar Gobir lafiya, Ya ba mu sa'a baki ɗaya. Wassalam.