Damagaram da gawonta kafin zuwan Nasara

 Hirarmu ta yau bisa ƙasar Damagaram take, da yadda kakanninmu suka zauna da ita kafin Faransawa su ci ta a yaƙin Tirmini, cikin shekarar 1899.

Mu fara duba ƙasar kanta. Birnin Zinder cikin manyan duwatsu yake, shi ya sa ruwan rijiya ke da wuya a nan tun da can. Daga kudu, wajen Mirriya da Matamaye da Magarya, akwai koramu da fadamu. Daga arewa sai Damargu, ƙasar gero da kiwo. Daga gabas, wajen Gidimuni da Muniyo, akwai tafkunan kanwa.

Kowa da abin da ya riƙe. Bahaushe da Babarbare suna noman gero da dawa da wake. In an yi girbi, Bafillace ya sauka da shanunsa cikin gona, su ci kara, su bar taki. Buzu ya zo da gishirin Bilma bisa raƙuma, ya koma da hatsi. Fatake su sauka a Zango, su ɗauki fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Gaskiya ɗaya ce, har bayi ana sayarwa a zamanin, kuma guminsu yana cikin arzikin birnin.

Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Amma akwai wata dokarsa da ta fi igwa amfani gare mu yau: ya hana saran gawo. Wanda ya sare shi ba da izini ba, hukuncinsa mai tsanani ne, har kisa.

Don me gawo? Domin halinsa dabam ne. Da damina yana kaɗe ganye, bai tare wa gero rana. Ganyen ya ruɓe, ya zama taki. Da rani ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴan da suke ci sa'ad da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa kuma tana riƙe ƙasa, iska ba ta kwashe ta.

Da Nasara suka zo, dokar daji ta 1935 ta mai da itatuwa na hukuma. Manomi ya ga icen gonarsa ba nasa ba ne, sai ya daina kula da shi. Gonaki suka yi fili fetal. Farin 1973 da na 1984 suka same mu haka.

Bayan wannan wahala ne manoman Zinder da Maraɗi suka koma ga barin tohon itace lokacin sassabe, suna yi masa aski yana tashi. Ta haka aka farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

To jama'a, yau babu dogarin da zai kama ku saboda gawo. Tsaronsa yana hannunku. In kun tafi sassabe bana, ku ƙirga tohon da ke gonarku, ku rubuta adadin cikin littafinku, ku bar shi ya girma. Ku tambayi tsofaffin garinku irin itatuwan da suka ɓace, ku rubuta sunayensu, ku kawo aji a karanta.