Koyar da Ilimin Guba ga Masu Harhaɗa Magunguna: Jawabin Malaman Fannin a Taron Reshe

Mun gode da aka ba mu wannan dama, mu da ke koyar da ilimin guba ga ɗaliban harhaɗa magunguna, domin mu faɗi abin da muke yi a aji da abin da ke damunmu.

Darasin farko da muke ɗora ɗalibi a kai tsoho ne. Wani likita haifaffen ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rayu daga 1493 zuwa 1541, shi ya kafa ƙa'idar cewa yawan abin da ya shiga jiki ne ke raba magani da guba. Daga wannan ƙa'ida muke fitar da tambayoyi huɗu: mene ne ya shiga jiki, nawa ne, ta wace hanya, kuma jikin wane ne? Ɗalibin da ya riƙe su ya samu jagora ko da ya haɗu da gubar da ba mu taɓa ambata masa ba. Wanda kuwa ya haddace jerin sunayen guba da makarinsu domin jarrabawa, kafin ya gama hidimar ƙasa ya manta.

Mu ɗauki farasitamol, wanda babu gidan da ba a ajiye shi. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Hanta na juya wani ɗan kaso na maganin zuwa abu mai cutarwa, sannan ta kashe kaifinsa da wani sinadari da take tanada. Idan an sha fiye da ƙima, tanadin sai ya ƙare, hantar ta fara lalacewa. Abin tsoron shi ne, a ranar farko mutum kan yi kamar babu abin da ya same shi, sai a kwana na biyu ko na uku ciwon ya bayyana, alhali makarinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Ga shi kuma magungunan mura da yawa na ɗauke da farasitamol, mutum ya haɗa biyu ko uku bai sani ba. Mai harhaɗa magani da ke tsaye a kanti shi ne zai lura da wannan kafin kowa.

Tambayar jikin wane ne kuwa, Zamfara ta amsa mana ita cikin hawaye. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar kuwa cike take da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Yaro na wasa a ƙasa, yana kai hannu baki, kuma hanjinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa. A nan ɗalibi ke koyon wani darasin: maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya wadatarwa idan yaron zai koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba. Sai an raba mutum da tushen gubar tukuna magani ke yin amfani.

Akwai kuma gubar da ke fitowa daga hannun masu sana'ar kansu. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadarin diethylene glycol, mai kashe ƙoda. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wannan sinadari ya sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori mai suna My Pikin. A 2022 ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya ta cikin magungunan tari. Ruwa ne mai ɗan zaƙi, marar launi, ido ba ya bambanta shi da ruwan da ya dace a haɗa magani da shi. Gwaji kaɗai ke tona shi.

To, a nan ƙorafinmu yake. Ta yaya za mu koyar da gwaji da alli a kan allo? Sau da yawa mukan shiga ɗakin gwaje-gwaje mu tarar sinadaran sun ƙare, ko na'ura ta tsaya saboda rashin wuta. Kuma duk lokacin da zangon karatu ya taƙaita, darasinmu ne ake turawa makonnin ƙarshe, a gaggauta shi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga manomin da fiya-fiya ta ratsa fatarsa, yana zubar da yawu da gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya kuma ga yadda allurar atrofin ke dawo masa da numfashi, ba zai sake buƙatar haddar wannan babi ba.

Saboda haka muna roƙon reshe ya sanya abubuwa uku cikin buƙatun da zai kai wa hukumar jami'a. Na farko, a ware kuɗin sinadarai da gyaran na'urori kafin zango ya fara. Na biyu, a ba darasin gurbi a farkon zango, tare da kai ɗalibai sashen gaggawa na asibitin koyarwa. Na uku, a ba mu sa'o'in da ɗalibi zai gwada yin bayani da harshen mutanen da zai yi wa aiki, domin uwar da ta rugo kanti da ɗanta a kafaɗa ba da Turanci za ta yi tambaya ba.

Iyalanmu, ku ma ga naku saƙon. Kada a zuba kananzir ko fiya-fiya a kwalbar lemo. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin abin na iya faɗawa huhu. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar abin da ya sha.

Ɗaliban da ke gabanmu yau, su ne gobe za su miƙa wa 'ya'yanmu magani.