Jawabi ga Makiyaya Mazauna Briketeri: Lambu a Tsakar Gida

Iyayenmu da 'yan'uwa, mun baro ruga mun zauna Briketeri, gidaje a matse, cefane a kasuwar Mokolo yana cinye aljihu. To, kada ƙarancin fili ya hana mu shuka. Mu huda gindin tsofaffin buhuna da bokitai, mu cika su da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen kashin shanu, don ɗanye yana ƙona tsiro. Alayyahu, kuɓewa da tumatir a wajen rana. Gwanda da zogale a kusurwa. Ban da mangwaro, saiwarsa tana fasa katanga, ta haɗa mu da maƙwabta. Yawunde damina biyu gare ta: mu shuka a Maris, mu sake a Satumba. A ɗaure awaki. Allah Ya sa albarka.