Hannun da Ba Ya Hawa Bangon Mujalla: Lacca a Kan Makaɗan Jita na Kiɗan Kantiri



Da na gaya wa wani abokina abin da zan yi magana a kai yau, sai ya dube ni ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da kiɗan kaboyi?" Na ce masa rediyo ce ta haɗa mu. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 ya ji muryar Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers, in bai ji a gidan rediyo ba ya ji a kaset ɗin direba ko a shagon tela. Wannan shi ne kiɗan kantiri, kiɗan mutanen karkara na kudancin Amurka, wanda cibiyarsa take birnin Nashbil a jihar Tenesi. To ga tambayata: a cikinku wa zai tashi ya faɗi sunan mutum ɗaya da ya kaɗa jita a bayan waɗannan muryoyi?

Kada kowa ya ji kunya. A Amurka ma, inda ake buga mujallu sukutum domin makaɗan jita kaɗai, mutanen nan ba kasafai suke hawa bango ba.

Bari in fara da labari guda, domin shi ne ya ja ni cikin wannan bincike. Akwai wani makaɗi mai suna Grady Martin, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun mutanen da suka riƙe situdiyoyin Nashbil a shekarun 1950 da 1960. Shi ne ya kaɗa jitar da ke ratsa waƙar Marty Robbins mai suna "El Paso" a 1959. Da suka koma ɗaukar wata waƙar, "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, sai layin da jitarsa take bi a na'urar ɗaukar sauti ya samu matsala. Maimakon sauti ya fito tas, sai ya fito da gurnani da ƙaraji, kamar an tsaga tsumma a bakin lasifika. Aka saurara, aka ga abin ya yi armashi, aka bar shi a haka, waƙar kuma ta yi kasuwa. Injiniyan da ke wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera ɗan akwatin da zai riƙa fitar da wannan gurnani da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Akwatin bai samu masu saye sosai ba sai a 1965, lokacin da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya taka shi a waƙar "Satisfaction". Daga nan gurnanin ya zama muryar kiɗan rok baki ɗaya. Yau hoton Keith Richards ya hau bangon mujallu ba adadi. Grady Martin kuwa sai mai tono ne yake cin karo da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai in yi gyara a karin maganar, don kada in yi ƙarya a gaban malamai. Makaɗan Nashbil ba su rasa kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta ƙwadago ta yanka musu lada a kan kowane zama na awa uku, kuma gwani yakan yi zama huɗu a rana: ƙarfe goma na safe, biyu na rana, shida na yamma, goma na dare. A zama ɗaya a kan gama waƙa uku ko huɗu. Mutum ya shigo bai taɓa jin waƙar ba, a rera masa sau ɗaya, ya rubuta tsarinta da lambobi a 'yar takarda, a kunna na'ura, shi ke nan. Wannan rubutun lambobi Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ne ya faro shi, Charlie McCoy ya faɗaɗa shi, kuma har gobe da shi ake aiki. Abin da aka hana su shi ne suna. Fayafayai da yawa na wancan zamani sun fito da hoton mawaƙi da sunan mai shiryawa, babu ko layi ɗaya da ya ambaci waɗanda suka yi kiɗan.

Mu koma ga mujallun. An kafa Guitar Player a 1967 a San Jose ta jihar Kalifoniya, shekarar da Rolling Stone ita ma ta fara fita a San Faransisko. Guitar World ta biyo baya a 1980. Ku lura da lokacin, ku lura da wurin. An haife su ne daidai lokacin da Jimi Hendrix da Eric Clapton suka mai da makaɗin jita sarkin dandali, kuma an haife su nesa da Nashbil. Wanda ya tashi a gidan rok, da kunnen rok zai auna gwaninta.

A 2003 Rolling Stone ta fitar da jerin makaɗan jita ɗari da ta ce sun fi kowa a tarihi. Hendrix ne na ɗaya. Na yi murna da na ga Ali Farka Touré na Mali a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma na bi jerin daga sama har ƙasa ban ga Chet Atkins ba. Chet Atkins fa! Mutumin da ya ci kyautar Grammy goma sha huɗu, ya shugabanci reshen kamfanin RCA a Nashbil, ya shirya fayafayan Jim Reeves ɗin nan da muke ji, har suka zo Afirka ta Kudu tare a 1962. George Harrison na Beatles jitar Gretsch mai ɗauke da sunan Chet Atkins ya riƙa ratayawa. Mark Knopfler ya je har gida ya yi faifai da shi a 1990. Almajirai sun samu kujera, malam yana tsaye a waje. Mutanen kantiri da suka shiga jerin, irin su James Burton da Clarence White, ta ƙofar rok suka bi: Burton ya yi wa Ricky Nelson da Elvis Presley kiɗa, White kuma ya shiga ƙungiyar Byrds. Sai a jerin 2011 aka tuna da Atkins, shekara goma bayan rasuwarsa.

Me ya jawo haka? A ganina babban dalili kasuwa ce. Mujallar jita da talla take rayuwa, masu tallan kuwa kamfanonin da ke sayar da jita da lasifika da akwatunan sauya sauti ne. Babban mai sayensu yaro ne matashi da ke mafarkin tsayawa gaban dubban mutane gashi na kaɗawa. Shi za a sa masa hoton wanda yake son ya zama. Dattijo mai riga a soke cikin wando, zaune a kujera da tsohuwar jitar Telecaster wadda ya shekara talatin bai sauya ba, me zai sayar wa kamfani? Abin dariyar shi ne ita kanta Telecaster ɗin, da Leo Fender ya fitar a farkon shekarun 1950, makaɗan kantiri na Kalifoniya irin su Jimmy Bryant ne suka fara tallata ta.

Sai kuma yanayin aikin. A rok, makaɗin jita yakan ja kiɗa shi kaɗai na minti biyar, fitila a kansa. A kantiri labarin da ke bakin mawaƙi shi ne sarki, makaɗi bafade ne. Ana ba shi daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin a tsakiyar waƙa, ya faɗi abin da zai faɗa, ya koma baya. Ku nemi waƙar Alan Jackson mai suna "Chattahoochee" ku saurari yadda ta buɗe. Wannan hannun Brent Mason ne, wanda ya yi kiɗa a fayafayai fiye da dubu. Sautinsa wankakke ne, babu gurnanin da zai rufa wa kuskure asiri. In yatsa ya zame, kowa zai ji. Yana fizgar tsirkiya da babban yatsa da sauran yatsu har ta riƙa ƙyarƙyara kamar kaza, kuma da sunan kaza ɗin suke kiran salon. Wanda ya taɓa riƙe jita ya san wuyar abin. Mai ɗaukar hoto kuwa ba abin da zai gani sai mutum a zaune.

Akwai dalili na uku da ba a cika son faɗa ba, wato raini. Ɗan birni na Niyok ko Los Anjalis ya daɗe yana yi wa wannan kiɗa kallon kayan ƙauyawa, kiɗan manoma da direbobin tirela. Mu ma mun san irin wannan kallo, ba sai an fassara mana ba. Rainin ya binne har da tarihin da ya shafe mu. Salon da Merle Travis ya shahara da shi, inda babban yatsa ke riƙe da amo mai kauri sauran yatsu na rera waƙar, ya koye shi ne a yankin ma'adinan kwal na Kentaki a wurin Mose Rager da Ike Everly, kuma masana suna kai silsilar salon ga wani Baƙar fata mai suna Arnold Shultz, wanda ya rasu a 1931 bai bar faifai ko ɗaya ba. Maybelle Carter, wadda aka fara ɗaukar kiɗanta a Bristol a 1927, ta ƙaru da wani Baƙar fatan, Lesley Riddle. Idan ba a rubuta labarin Travis da Maybelle ba, ina za a ji na Shultz da Riddle?

Adalci ya sa in ce ba rufe ƙofa aka yi ruf ba. Guitar Player ta fi sauran ƙoƙari. Ta yi hira da Atkins, kuma a 1989 ta sa Danny Gatton a bango, ko da yake a matsayin gwanin da ba a sani ba ta gabatar da shi. Brad Paisley da Vince Gill da Keith Urban suna samun shafuka, amma ku lura dukkansu mawaƙa ne masu fuskar da aka sani. Ni mujallun kantiri ɗin kansu ma sun fi ba ni haushi. Country Weekly ta shekara fiye da ashirin tana fita, hankalinta na kan wa ya yi aure, wa ya saki matarsa, wa ya sayi sabon gida. Ɗan gida bai yaba ba, bare ne zai yaba?

Yanzu kiɗa ya sauya. Guitar Player ta daina fita a takarda a ƙarshen 2024. Matashi a yau yana buɗe YouTube ya ga yatsun Tommy Emmanuel ko Molly Tuttle ƙuru-ƙuru, ba ya jiran edita ya zaɓa masa gwani. Wannan ci gaba ne, na yarda. Amma bidiyo na nuna wanda yake raye da kyamara a gabansa ne. Hank Garland, wanda haɗarin mota ya katse masa sana'a a 1961, da Don Rich na Buck Owens, da Roy Nichols na Merle Haggard, doguwar hirar da ba a yi da su ba a lokacin da suke ganiyarsu ta wuce ke nan. Grady Martin ya rasu a 2001. Sai 2015 aka shigar da shi zauren girmamawa na kiɗan kantiri.

Shugaban taro, ka ba ni minti ɗaya in dawo gida. Duk wanda ke ɗakin nan ya san Mamman Shata, ya san Ɗankwairo, ya san Barmani Choge. Mutum nawa ne za su lissafa masu kalangun Shata, ko matan da suka riƙa kaɗa wa Barmani ƙwarya? Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun yi aiki babba wajen tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, Allah ya saka musu. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a situdiyoyin Kano da Kaduna yau ma akwai samarin da ke haɗa kiɗan da ake rawa da shi a kowane biki, jaridu ba su taɓa tambayar sunansu ba.

Don haka roƙona ga ɗaliban aikin jarida da na sashen Hausa da ke nan: in an tura ku hira da mawaƙi, ku gama da shi, sannan ku nemi wanda ke zaune a bayansa da kayan kiɗa a hannu. Ku tambaye shi sunansa da na mahaifinsa, da wanda ya koya masa, da waƙoƙin da hannunsa ke ciki, ku rubuta da kwanan wata. Wasu daga cikin dattawan nan suna raye, kuma ba su da nisa da ɗakin nan.