Masu ba jiragen sama hanya: barcinsu, albashinsu da nauyin da ke wuyansu



Alhajin da ya hau jirgi a filin Diori Hamani na Yamai za shi Jidda, ko Dubai sarin kaya, in ya sauka lafiya, bayan Allah matuƙi yake yi wa godiya. Akwai kuwa wani mutum da bai taɓa gani ba, yana zaune cikin hasumiya ko wani ɗaki a rufe da na'urar magana a kunne, wanda shi ne ya ce wa matuƙin ya tashi, ya yanka masa tsayin da zai bi, ya kuma raba shi da sauran jiragen da ke tafe cikin duhu. Laccar yau a kan rayuwar wannan ma'aikaci take, da abubuwan da ke gyara ta ko su ɓata ta.

A ƙasar nan aikin yana hannun hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 a birnin Saint-Louis na Senegal, hedkwatarta kuma tana Dakar. Sararin samaniyar da aka damƙa mata ya haura murabba'in kilomita miliyan 16. Yamai na cikin manyan cibiyoyinta, kuma abin da cibiyar Yamai ke tsaro ya zarce iyakar Nijar, ya haɗa da Burkina Faso da wani yanki na Mali. A Yamai ɗin ne kuma makarantar EAMAC take tun 1963, inda ake horar da ƴaƴan ƙasashen Afirka da dama a wannan sana'a. Ke nan ba labarin wasu mutane na nesa ake yi ba; maƙwabtanku ne a unguwa.

Sai an san girman aikin kafin a gane gajiyarsa. Babban jirgi yana cin kusan kilomita 900 a awa guda. Idan biyu suka fuskanci juna, cikin minti ɗaya tak sun cinye kilomita 30 na tazarar da ke tsakaninsu. Tun 2008, a can sama inda manyan jirage ke bi, ratar da aka yarda a bari tsakanin na sama da na ƙasa a Afirka ƙafa 1000 ce, wato kamar mita 300. Mai ba da hanya yana riƙe da jirage da yawa a ka lokaci guda, kowane da tsayinsa da gudunsa da inda ya dosa, yana magana da wannan da Faransanci, da wancan da Ingilishi. Ma'aikacin ofis in ya yi kuskure a takarda, gobe ya gyara. Ɗan kasuwa in lissafi ya ɓace masa, ya sake ƙirga. Wannan ba shi da gobe. Abin da yake da shi daƙiƙoƙi ne.

Babban abin da ke cin lafiyar waɗannan bayin Allah shi ne rashin barci. Jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudanci da tsakiyar Afirka, da masu komawa, da yawansu cikin dare suke ratsa Sahel. Wato a daidai lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman shimfiɗa, tsakanin ƙarfe uku zuwa asuba, nan ne ake bukatar hankalin mai ba da hanya ya fi kowane lokaci kaifi. Ya sauka aiki da safe, ya koma gida, amma gidan Bahaushe da hantsi ba wurin barci ba ne: ga yara, ga masu sallama, ga zafin watan Afrilu, wuta kuma in ta ɗauke fanka ta tsaya. Jibi kuma aikin safe gare shi, gata na yamma. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa aikin dare na shekara da shekaru yana tafe da ciwon ciki, da hawan jini, da saurin fushi. Abin mamaki, sai a 2020 ne dokar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fara aiki wadda ta tilasta wa ƙasashe su iyakance awoyin aikin masu ba da hanya, su kuma tsara hutunsu, alhali matuƙa sun daɗe da samun irin wannan kariya.

Ga kuma zumunci. Mutumin da jadawali ya hana shi zuwa suna da ɗaurin aure da jana'iza, wanda ranar Salla tana iya riskarsa a kan kujerar aiki, ba ya rasa surutu a dangi. Ana ce masa ya samu wuri ya manta da mutane. Matarsa ce ke ba da uzuri a madadinsa. Lokacin aikin Hajji kuwa, sa'ad da kowa ke shagalin rakiya, shi lokacin ne kayansa ke ƙara nauyi, domin jiragen alhazai daga yamma suke nufar gabas, suna gicciye hanyoyin waɗanda ke bin kudu da arewa. Ga hazon hunturu da ke rufe fili har matuƙi ya kasa ganin titin sauka.

Kayan aiki ma suna cikin lissafi, kuma akwai wani hatsari da ya kamata mutanen Yamai su riƙa tunawa. Ran 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus ƙirar Tupolev ya sha mai a Yamai ya nufi Windhoek. A gaɓar tekun Namibiya ya yi karo da jirgin sojan Amurka, mutum 33 suka rasu, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna jirgin Jamus yana bin tsayin da ba nasa ba, kuma bayanin tafiyarsa bai isa hannun masu tsaron sararin Namibiya ba, saboda hanyoyin aika saƙo tsakanin cibiyoyin Afirka a lokacin ba su da tabbas. A wancan zamani sau da yawa mai ba da hanya ba ya ganin jirgi a kan allo. Muryar matuƙi kawai yake ji ta rediyo mai ƙara, yana zana hoton sama a zuciyarsa. An samu ci gaba ƙwarai tun daga nan, da na'urori da tauraron ɗan Adam, amma duk ranar da wata na'ura ta tsaya, kan mutum nauyin yake komawa.

Misalin da ya fi kowane nuna haɗarin ƙarancin ma'aikata daga Turai ya fito. Daren 1 ga Yuli 2002, jirage biyu suka yi karo a saman garin Überlingen na Jamus, mutum 71 suka halaka, galibinsu yara ƴan makaranta daga Rasha. A cibiyar Zurich da ke kula da yankin, mutum ɗaya ne yake riƙe da teburi biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa kamar yadda aka saba yi shugabanni suna kallo, ana kuma gyaran na'urori, wayar tarho ba ta aiki. A Fabrairun 2004 wani uba da ya rasa matarsa da ƴaƴansa biyu a hatsarin ya bi wannan ma'aikaci har gida ya kashe shi da wuƙa. Sai a 2007 kotun Suwizalan ta kama huɗu daga cikin manyan kamfanin da laifin sakaci. Kowane mai ba da hanya a duniya ya san wannan labari, ya kuma san cewa in abu ya faru muryarsa ce ke cikin faifan da za a saurara.

Saura batun kuɗi, wanda ma'aikatan gwamnati za su ce ai waɗannan ba su da bakin kuka. Gaskiya ne albashinsu daga asusun ASECNA yake fitowa, wadda ke karɓar kuɗin ratsa sama daga kamfanonin jirage, ba daga baitulmalin da ya yi ta tara wa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti bashin watanni a shekarun 1990 ba. Sai dai sana'ar gajera ce. Ana auna idonsa da kunnensa da zuciyarsa a kai a kai, likita kuma yana iya raba shi da lasisinsa rana ɗaya. Amurka ma ta yanke cewa mai wannan aiki ya ajiye shi yana da shekara 56. Kuma can ɗin ba a tsira daga rikicin albashi ba: a 2025, da gwamnatin Amurka ta tsaya cik kwana 43 saboda gardamar kasafin kuɗi, masu ba jirage hanya sun ci gaba da zuwa aiki ba a biya su ba, har aka rage yawan jiragen da ke tashi a manyan filaye.

Nan gida kuwa, ran 23 ga Satumba 2022, lokacin da ɗan Nijar Mohamed Moussa ke shugabancin ASECNA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ba da hanya ta shiga yajin aikin awa 48 a kan albashi da yanayin aiki. Jirage suka tsaya a Dakar da Abidjan da Duwala, fasinjoji suka yi cirko-cirko, washegari aka dakatar da yajin don a zauna teburin shawara. A Amurka, Shugaba Reagan ya kori ma'aikata sama da 11,000 a 1981 saboda irin wannan yaji. Sai dai Amurka ta kwashe shekaru kafin ta cike gurbinsu. Ɗan da ya shiga EAMAC yau sai ya yi shekaru yana karatu, sannan ya zauna kusa da wani tsohon hannu wata da watanni, kafin a yarda ya yi magana da jirgi shi kaɗai.